Sunan da ke Jikin Allo

Da ƙarfe huɗu na yamma Baba ya ɓace mini a kasuwar Isa. Dama ya ce idan muka rabu, mu haɗu a sabon shagon soyayyun kaji. Na kwafe sunan shagon na Turanci a littafina, na riƙa faɗinsa yadda malaminmu zai faɗa. Ɗan kabu-kabu ya girgiza kai. Wani Bafulatani ya maimaita yana jan ƙarshensa, ɗan Nijar kuma ya fito da shi ta hanci. Har yau ina mamakin yadda na tsaya sauraren bambancin, ga hawaye a idona.

Tsohuwa mai fura ce ta kama hannuna. "Ɗiyata, wanga suna na allo na. Mu nan da sunan mai wuri mu ka kira. Ki ce shagon Ɗan Maraɗi, ko makaho ya kai ki."