Ja a Kan Dutsen Makewayi

Sakina ta sake ganinsa da safe, ja-ja a kan dutsen makewayi, ɗigo-ɗigo a inda ruwa bai kai ba. Ta kwara masa buta guda. Tun farkon damina take wanke jinin nan, ga shi har an fara yankan gero bai ɗauke ba.

Mata biyu ne kacal a gidan, ita da ɗiyarta Ruƙayya mai shekara goma sha uku. Ita dai ta san ba nata ba ne. To na wa zai zama?

Da farko har murmushi ta yi, ta ce yarinya ta girma, kunya ce ta rufe mata baki. Ta yayyaga tsohon zane mai taushi ta sa mata a ƙarƙashin matashi. Tsummokaran na nan a ninke har yau, ko taɓa su ba a yi ba. Kuma Ruƙayya ba ta yi fashin salla ba ko sau ɗaya. Wace irin al'ada ce wannan da ba ta yankewa, mai ita kuma tana ta salla?

Daga nan zama ya gagari Sakina. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ta je garka ban ruwan tumatir, ta dawo da guga a hannu ba ta zuba ko ɗigo ba. Yarinya ta dawo daga lakwal, wato makarantar boko, sai ta bi ta da ido, ta duba tafiyarta, ta ja fatar idonta ta ga ko jini ya ragu. Ta dafa mata zogale, ta sayo mata hanta. Ruƙayya ta cinye tas, ta fita wasan gaɗa abinta.

Sai kuma mugun tunani ya shigo. An ce wata yarinya a Ɗan Issa ta sha wani abu a ɓoye, jini ya yi ta zuba har ta ce ga garinku. Sakina ta ja ɗiyarta ɗaki ta saki labule.

"Ke, gaya mini gaskiya. Me kika sha? Wa ya ba ki?"

"Inna, me na yi?" in ji Ruƙayya, ta fashe da kuka.

Maigidan, Ɗanlami masunci, ba a kai masa irin wannan magana, ta mata ce. Shi kwanakin nan ma sai fara'a yake yi kamar wanda aka yi wa albishir. Ya saya wa yaron sabuwar wuƙa, ya fara barinsa ya tura jirgi shi kaɗai a tafki.

Yaron kuwa Shu'aibu ne, ɗanta na fari. Sakina mace ce mai kunya ta gaske, ba irin matan yanzu ba. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon fuskarsa, ko tuwo sai ta miƙa wa Ruƙayya ta ce, "Kai wa wancan." In kwanon ya dawo da saura, ta san gasasshen kifin bakin tafki ne ya cika masa ciki. Har wandunansa ya koma wankewa da kansa a can, ya rage mata aiki. Shi dai ba shi da matsala.

Ranar da ta ga jinin ya fi na kullum, ta yafa mayafi ta tasa Ruƙayya gaba sai likita.

Suna kan layi suka jiyo majo, babban ma'aikacin wurin, yana ta faɗa a ciki. Wani tsoho ne ya kawo jikansa, saurayi, a duƙe yana riƙe da mara.

"Tsargiya ce, cutar ruwan tafki! Da kun zo da wuri ƙwaya kawai zai sha. Kun zauna sai da ta ci masa mafitsara!"

Sakina ta ja tsaki. Wasu iyaye dai ba su da ido, wallahi. Ɗa na lalacewa a gabanka, ka ce ba ka gani ba?

Ungozomar likita ta duba Ruƙayya ciki da waje, ta yi mata tambayoyi, ta fito tana tsane hannu.

"Ɗiyarki lafiyarta lau. Ba ta ma fara ba tukuna."

Ya kamata Sakina ta ji sanyi, amma ina! In ba na Ruƙayya ba ne, to wani ne ke zuba musu jini a gida. Sammu ke nan. Wa ta tare wa hanya a garin nan? Dole a nemo malami, kuma wannan sai da sanin maigida.

Ta same shi a inuwar zaure yana gyaran taru. Can jikin bango wancan na zaune, ya jingina kai, ya saki nasa gefen tarun a ƙasa. Ta kawar da ido kamar yadda ta saba, ta durƙusa kusa da mijinta, ta rage murya, ta zayyana masa komai tun daga farkon damina. Tana magana hawaye na zuba, don tsoro ya gama cika ta.

Ɗanlami ya ajiye tarun, ya yi dariya har da buga cinya.

"Haba Sakina, a kan wannan kika wahalar da yarinya har likita? Ai jinin Shu'aibu ne. Tsargiya ce, yaro ya zama namiji, ni na ce masa kada ya gaya wa mata."