Kunun Dutsen Kwalli

Wata huɗu da haihuwar Lawwali, nonon uwarsa Balki ya ƙafe. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita kwana tara, da ta tashi ko ɗigo babu. An sha kunun kanwa, an sha saiwa, shiru kake ji. A Matameye aka yi wannan, tun Nasara ba su shigo ƙasar Damagaram ba, lokacin da in nono ya ƙi, sai akuya da gero.

To jama'a, kun san jariri, ba ya kunyar kowa. Gari in da tsaki-tsaki, a fuska zai furzo miki abinki. Balki ta niƙa, ta tankaɗe, ta sake niƙawa, dutsen gidan ya ƙi ba ta laushi. Yaro sai ramewa yake.

Mijinta Sallau kwalli yake saidawa. Wurin fatake yake saro shi dunƙule-dunƙule, ya niƙa a wani ɗan dutse nasa mai santsi, ya ɗura a tandu. Ga Sallau da baki kamar an jiƙa. Ranar kasuwa har bakin rijiya ana jin sa: "Kwallina ko kaka ta sa, sai saurayi ya yi tuntuɓe!"

Ran nan Balki ta ce bari ta gwada dutsen nan. Ta goge shi da gefen zane, ta zuba gero. Gari ya fito lukwi. Ta dama da nonon akuya, ta ɗura wa yaro. Ya shanye, ya yi gyatsa, ya ɓingire da barci. Ranar har guɗa ta yi ita kaɗai.

Bayan kwana biyu Iya Baiwa ta leƙo, ungozomar da ta yanke masa cibi.

"Ina angon nawa? Ka ƙi kawo cefane, ka kwanta kana ta tara kumatu." Ta leƙa ƙwarya. "Ke 'yar nan, me ya sa kunun nan ya yi toka-toka?"

"Geron ne, Iya."

"Gero na san shi tun uwarki na goye. A ina kika niƙa?"

Balki ta nuna mata. Iya ta yamutsa fuska. Sallau yana gindin bishiya yana ɗura tandu, ya kwashe da dariya.

"Haba Iya! Ke da hannunki kika zizara masa kwallin nan ranar suna. Abin da ido ya ɗauka, ciki ne zai kasa? Cikin da ke narka ganda?"

"Kuma kullum sai na ɗanɗana kafin in ba shi," in ji Balki. "Ba ɗaci, ba tsami."

Iya ta dangwala yatsa ta lasa. Gaskiya ba ɗaci, ba tsami. Ta ce, "To, ni dai ban taɓa gani ba," ta ɗauki sandarta.

Wata biyu ana haka. Sai yaro ya fara kuka wanda goyo ba ya tsai da shi. Ciki ya ɗaure, kwana uku ba kashi. Ya sha, ya amayar. Yaron da ke ƙyalƙyala dariya in an tafa masa, yanzu sai ya kafe mutum da ido kamar bai taɓa ganin sa ba.

Wasu suka ce baki ne, wasu suka ce mayu. An sha rubutu, an yi turare. Sassaƙen da Sallau ya je har garin Tsauni ya karɓo, kun san a ina aka niƙa shi? A dutsen nan dai, don ya fi laushi. Duk sa'ad da yaro ya ƙi ci, a matse shi a ɗura, wai kar yunwa ta kashe shi.

Ranar da ya fara jijjiga, ido ya juye, Iya Baiwa ta zo da sabuwar ƙwarya fara sol.

"Ba ni garin, cikin ludayi ɗaya."

Ta dama da ruwa, ta ajiye ya kwanta, ta tsiyaye a hankali. Ta ƙara ruwa, ta sake tsiyayewa. A na huɗu gari ya tafi, ya bar wani baƙin abu a gindin ƙwarya yana ƙyalli a rana. Ta dangwala ta ja a bayan hannunta. Layi ya fito baƙi wuluk.

"Wannan na ludayi ɗaya ne. Sau nawa kike ba shi a yini?"

"Biyar."

"Wata nawa?"

Balki ta fara ƙirgawa da yatsu. Sallau ya leƙa gindin ƙwarya, ya ga kwallinsa.

Iya ta zauna daɓas a ƙasa. "Da ran nan haka na yi, maimakon in lasa."

An canza dutse. An wanke ƙore, an nemo sabon gero. Amma abin da ya shiga ya riga ya shiga. Kwana uku yaro yana jijjiga yana saki, ran na huɗu da hantsi ya saki bai ƙara ba. Kamu biyu na farin ƙyalle ya ishe shi har da saura.

Ɗan fari ne, saboda kunya Balki ba ta taɓa kiran sunansa ba. Da aka ɗauke shi za a fita, ta bi su har bakin zaure tana kira, "Lawwali! Lawwali!" Mata cike da gida, babu wadda ta ce mata ta yi shiru.

Jama'a, harshen babba ba ya gane duk abin da ke kashe jariri. Abin da zai shiga bakin yaro a raba masa dutse da ƙwarya, a bincika shi tun yaron yana dariya.