Rumfar Mutum Ɗaya

Yaya, kai ne ka saba zaunar da ni ka yi mini misali in na yi taurin kai. Yanzu da ƙasa ta rufe maka ido babu mai yi mini, to bari ni in yi maka, ko da bakina bai kai naka ba.

An yi wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, masu sayar da irin shuka a kasuwannin ƙauye. Suna da ƙaramar tirela mai taya biyu da suke ja da tsohuwar mota. Ɗan ɗaki ne na ƙarfe, a ciki akwai shimfiɗa biyu da risho da buhunan iri, inda kasuwa ta ci nan ne gidansu. Iri kuwa ba ya son rana, ba ya son ruwa, saboda haka duk inda suka sauka sai sun kafa rumfar tampol a jikin tirelar, wan ya riƙe sanduna, ƙanen ya ja igiya ya buga turaku. Shekara bakwai ba wanda ya taɓa ce wa ɗan'uwansa "kama nan", hannu ya riga ya sani. Ana saura wata guda damina ta faɗi, wan ya kwanta kwana uku, Allah ya karɓi abinsa. Aka share makoki a garinsu, can nesa da kasuwannin, ƙanen ya ɗaura tirela ya kama hanya shi kaɗai, don shuka ba ta jiran mai hawaye. Duk wanda ya ce masa "Ina babban?" sai ya ce yana gida. Ba ƙarya yake son yi ba. Gani yake muddin bai furta ba, a waɗannan kasuwanni dai wansa yana nan da rai.

To amma tsohuwar rumfa ta mutum biyu ce, in kuwa ya roƙi wani ya riƙe masa sanda, dole a tambaye shi dalili. Sai ya ratse birni wurin mai sayar da rumfuna. Aka nuna masa mai sanduna huɗu, ya girgiza kai. Aka nuna masa wata marar nauyi wadda iskar hadari ɗaya za ta yi wa fata-fata, ya girgiza kai. Can ya hango wata a naɗe cikin dogon bututun ƙarfe, wadda ake maƙalawa a jikin tirela sau ɗaya ta zauna, kana murza mariƙinta tana warwarewa da kanta kamar tabarma. Ya ce ita yake so. Mai shagon, wanda ya san su tun da, ya ce, "Buɗewa dai aikin mutum ɗaya ne, amma ɗorawa sai biyu. Kai da yayanka, kafin shayi ya huce kun gama." Ya ce to, ya ɗaure ta a kan rufi ya tafi.

Ya isa kasuwa ta gaba tun jajibere, ya sauka a gefen fili. Huda ƙarfe bai ba shi wuya ba, ya ɗaure ƙugiyoyi uku da noti, ya gwada da igiya ya ga sun daidaita. Saura ɗora bututun, mai tsawon gaba biyu da nauyin ɗan maraƙi. In ya ɗaga kan gaba ya saƙala, kafin ya zagaya ya ɗaga na baya, na gaban ya zame. Ya saro gwafa ya tokare, gwafa ta nutse a yashi. Ya tara buhuna ya hau, ya tallafe tsakiya da kansa, hannu ɗaya yana lalubar noti, sifana ta faɗi ƙasa, babu mai miƙo masa. Haka aka yi ta yi tun hantsi har la'asar. Washegari kasuwa ta ci, ya baza iri a tsakiyar rana yana rufewa da rigarsa, manoma su damƙi masara su ji ta da zafi, su ajiye su wuce. Da azahar ya sake gwadawa, bututun ya sauko masa a kafaɗa. Sai ya zauna a ƙasa ya jingina da taya, ya bar shi nan kwance. Gabas ta fara haɗa hadari, in ruwan nan ya sauko ba rumfa, sai dai ya kwashe kaya ya kulle, a ranar da manoma suka fi neman iri. Ko haushi bai ji ba. Gajiya ce irin wadda ba ta barin wa haushi wurin zama.

Akwai wani tsoho mai sayar da igiya da ke kasa kayansa daura da su shekara da shekaru. Tun safe yake kallo. Ya taso yana dafa gwiwa, ya leƙa ta ƙofar tirela, ya ga shimfiɗa ɗaya a naɗe da hula a kanta. Bai yi tambaya ba. Ya sunkuya ya kama kan bututun, a gefen da wan ya saba tsayawa, ya ce, "Tashi, ɗana, ruwa na tafe." Suka ɗaga tare, ƙarfe ya zauna a mazauninsa tun a karon farko. Rumfa ta warware, ɗigon farko ya sauka a kan tampol ba a kan iri ba, manoma suka rugo suka fake a ƙarƙashi suna buɗe bakin buhu. Tsoho ya koma yana tattara igiyoyinsa da ruwa ya fara jiƙawa.

Har yau, Yaya, ƙanen nan bai gaya wa kowa rasuwar wansa ba. Sai dai ya ga da idonsa, ko rumfar da aka ƙera don mai tafiya shi kaɗai, sai da hannun wani take hawa. Shi ya sa Hausawa suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.