Guduma Ba Ya Waiwaye

Mota ta kama da wuta a bayansa, kowa ya kwanta a ƙasa, Guduma kuwa ya ci gaba da tafiya kamar mai zuwa sayen jarida. Da wannan ya yi suna a fim.

Masu sharhi sun cika shafuka a kan kallonsa: yadda yake ƙura wa mugu ido, ya jima, sannan ya amsa masa a taƙaice. Wani malamin jami'a ya ce falsafa ce. Guduma bai musa ba.

Aibinsa ɗaya, matarsa. Ita ke riƙe wayarsa, kuma duk inda ake ɗauka tana nan kusa da kyamara da jakarta. Aka ce kishi ne. Ita ma ba ta musa ba.

Shekaru suka ja, kira ya ragu. Wani matashin darakta ya ba shi fim, da sharaɗin ban da iyali a wurin aiki. Kowa ya san in wannan ya kuɓuce masa, sai tallan man zafi.

Fitowar ƙarshe ba wuya. Zai bar gida, 'yarsa ta cikin fim ta kira shi daga baya, ya tsaya ya waiwayo. Ta ce, "Baba!" Guduma ya wuce kyamara, ya wuce mai riƙe fitila, sai da teburin shayi ya tare shi. Aka sake. Ya waiwayo tun ba ta buɗe baki ba. Aka yi ta sakewa har muryarta ta dushe.

"Yallaɓai, ka gama da gari guda a fim," in ji darakta. "Wuya kawai na ce ka juya. Gobe in bai juyu ba, akwai masu wuya a layi."

Washegari matar ta iso da kular abinci. Mai gadi ya tare ta.

"Ɗana, maganinsa na ciki," ta ce. "In ya faɗi, kai za ka ɗaga shi?"

Mai gadi ya tuna girman Guduma, ya kauce.

Ta tsaya a bayan mai kyamara. Aka fara. 'Yar ta ce, "Baba!" Matar ta gyara ɗankwalinta. Guduma ya tsaya cak, ya waiwayo a hankali. Darakta ya share ido da hularsa, ya bi shi har bakin ƙofa yana zuba yabo. Guduma bai ko rage tafiya ba, aka ce girma ne.

A mota ta kamo haɓarsa, ta juyo da fuskarsa saitin bakinta.

"Ya ce ka iya," ta faɗa a hankali.

Ya gyaɗa kai. Tun fim ɗinsa na farko, ranar da abin fashewa ya tashi dab da kansa kafin lokaci, kunnensa bai ƙara jin komai ba, har da tafin da ake yi masa.