Fanbel Ɗin Motar Kashe Gobara

"Sai bayan kwana uku zai iso daga Adelaide," in ji manajan katafaren kantin kayan mota, yana share gumi a ƙofar shagon wata tsohuwa mai sayar da kayan mota. Fanbel ɗin motar kashe gobara ya tsinke, ga wutar daji ta doshi gonakin alkama.

Shaguna huɗu kamfaninsa ya haɗiye a garin, ita kaɗai ta ƙi sayarwa.

"Kwamfutar taku ba ta haihuwa ne, ɗan nan?" Ta shafa tsinkakken fanbel ɗin, ta hau tsani, ta sauko da irinsa sak, ko lamba ba ta duba ba.

Motar ta tashi, gonaki suka tsira.

Washegari ya dawo a kunyace. "Inna, me kuma kika adana a saman can?"

"Abin da za ka zo nema baɗi."