Bijimin da Kowa Ya Saya, Babu Mai Ba Shi Dusa

Malam, maigidana, ya rasu bara da kaka, kuma tun ranar babu mai ce wa autanmu Rabilu a'a ya ji. Yanzu ya kafe sai mun sayar da fadamar da mahaifinsa ya bar mana, ya zuba kuɗin a hannun jarin wani kamfanin ƙera kwamfuta. Kamfanin ya durƙushe, kayansa ba sa tafiya, amma ana raɗe-raɗin wasu manya za su saye shi, farashin ya tashi. Yini yake da waya a hannu, ya zauna, ya miƙe, ya leƙa waje. "Inna, kowa saye yake, mu kaɗai muke barci." Ni ma na kasa zama wuri ɗaya. Karatuna bai wuce firamare ba, ban san hannun jari ba. Amma ubana dillalin shanu ne, a bakin kara, kasuwar shanu, na girma. Na ce ya kife wayar nan ya saurare ni.

Wani manomi ya kai bijiminsa kasuwa, bijimin ya tsufa, ƙafa ɗaya ta sage, ba ya iya jan garma. Babu wanda ya taya. Can sai magana ta ɓulla wai wani falke na tafe daga kudu da babbar mota, kuma duk abin da ke da ƙaho saye zai yi. Nan take wani ya sayi bijimin, kafin la'asar ya sayar wa wani da riba. Haka igiyar ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Duk wanda ya karɓa sai ya ce ai gobe zai rabu da shi, don me zai sayi dusa? Kuɗin bijimi na hawa, haƙarƙarinsa na fitowa. Ba mai duban dabbar, kowa hanya yake kallo.

Na ƙarshe wani mai jaki ne da ke ɗebo wa mutane itace. Ya ga maƙwabta na samu, zuciyarsa ta hana shi sakat, ya sayar da jakinsa lafiyayye ya karɓi igiyar. Falken kuwa ya zo, maganar ba ƙarya ba ce. Ya buɗe bakin bijimin, ya latsa kwiɓinsa, ya koma inuwa ya zauna. Ya ce shi ba sauri yake ba, fatar yake so, in bijimin ya faɗi a kira shi. Washegari bijimin ya faɗi tun ba a kawo wuƙa ba. Mai jaki ya koma gida da igiya, ba jaki, ba nama. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a wanka da kashi don an ga hadari.

Rabilu ya miƙe. Ya ɗauki wayarsa ya fita, har yanzu bai dawo min da zancen ba, mai sayen fadamar kuma Juma'a zai zo. Ku taya ni roƙo: Allah Ya kwantar wa yaron nan da zuciya, Ya sa ya dubi dabbar kafin ya karɓi igiya. Amin.