Reza da Zaren Rikoda

Da ta ga yayanta ya zaro reza, sai ta matso kusa da shi.

Shekara uku ke nan da samun 'yancin kai. Ya dawo Kudan da rikoda, injin naɗar murya a kan zare, daga jami'a, inda yake karatun kiɗa da waƙa. Malamansa waƙar daka suke so, ita kuwa ita kaɗai ta riƙe wadda marigayiya Innarsu ta koya mata a bakin turmi. Sai da ya kwana biyu yana lallashi kafin ta yarda ta rera, tana daka a bayan rumbu, ta juya masa baya.

"Murya ta fito," in ji shi, "amma kin cika tsayawa. Kowane baiti sai ki yi shiru."

"Ni? Ban tsaya ba, Yaya."

"To, inji ne ya yi miki ƙarya? Zan yanke wuraren in haɗe zaren, kada malamai su ce kin manta rabi."

Ta rasa gane maganarsa. Ita dai a cike ta ji waƙar. Ko injin nan haɗiye murya yake yi?

Ya kunna. Ga muryarta, siririya. Sai shiru, taɓarya kawai ke sauka. Sai muryarta kuma. Ta ƙirga saukar taɓaryar: huɗu, kowane karo huɗu.

Ya ɗora reza a kan zaren. Ta riƙe hannunsa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Bar shi, Yaya. Nan ne Inna take amsawa."